Dangar Da Aka Kafa A Tsakiyar Montana

 Wannan mako ku ajiye zare da allura tukuna, za mu yi doguwar tafiya zuwa wata jiha ta ƙasar Amurka da a ke kira Montana. Na san wata za ta ce, ina ruwan uwargida da zaɓen wakilai a ƙasar da ko a mafarki ba ta taɓa zuwa ba? To, ki yi haƙuri ki ji. Daga wannan jiha ce mace ta fara shiga majalisar ƙasar Amurka, a zaɓen 1916. Daga nan zuwa zaɓen 2024 shekara 108 ke nan, jihar kuwa ba ta sake aika wata mace ba, in ban da ita wannan ɗin dai da ta koma karo na biyu. Yadda ta shiga da yadda ta fita ba zai yi wuyar ganewa ba ga duk wadda ta taɓa ganin an raba gidan gado. Magada suna iya tashi da ɗaki uku-uku, ba wanda aka ƙwara, amma inda aka kafa dangar shi zai nuna wa ya tashi da rijiya, wa kuma zai riƙa bin maƙwabta da tulu.

Bari mu fara da yadda majalisar ta ke. Zaure biyu gare ta a Washington, babban birnin ƙasar. Akwai Majalisar Dattawa, inda kowace jiha, babba ko ƙarama, ta ke da mutum biyu, kowane yana yin shekara shida. Akwai kuma Majalisar Wakilai mai kujera 435, waɗanda a ke sake zaɓensu duk bayan shekara biyu, cikin watan Nuwamba. Su waɗannan kujeru bisa yawan jama'a a ke raba su. Kowace shekara goma sai a ƙidaya mutanen ƙasa, a sake rabo. Jihar da mutanenta suka ƙaru ta sami ƙari, wadda aka bari a baya a rage mata, don kuwa kujerun ba su ƙaruwa, abin da aka ba wannan daga hannun waccan aka karɓo shi. Bayan ƙidayar 2020 Kalifoniya ta tashi da 52, wasu jihohi kuwa ɗaya tak. Jihar da ta sami fiye da kujera ɗaya sai ta yanka kanta mazaɓa-mazaɓa, watau gundumomin zaɓe, kowace ta fid da wakili guda. A Montana wanda ya fi yawan ƙuri'a a mazaɓarsa shi ya ci, ko da guda ɗaya ya fi, sauran kuwa su koma gida hannu rabbana.

Ita Montana tana can arewa maso yamma, ta yi iyaka da Kanada. Faɗinta murabba'in mil dubu 147, watau ta fi kashi ɗaya cikin uku na Nijeriya, amma da aka ƙidaya mutanenta a 2020 mutum 1,084,225 aka samu, ko na birnin Kano ba su kai ba. Allah ya halicce ta kamar ƙasa biyu aka ɗinke. Yammacinta duwatsu ne da dazuzzuka, can ne garin Butte ya ke inda aka yi zamanin haƙar jan ƙarfe, da Missoula mai katako da jami'a. Gabashinta kuwa fili ne fetal, sai gonakin alkama da garken shanu, ka yi tafiyar yini ba ka ga gida goma ba. Leburorin haƙa na yamma, da ƙungiyoyinsu na ƙwadago, sun daɗe suna bin jam'iyyar Dimokurat. Manoma da makiyaya na gabas galibinsu sun fi karkata ga Rifablikan. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Bayan ƙidayar 1910 aka ba Montana kujera ta biyu, amma majalisar jihar ba ta yi hanzarin raba ƙasar ba. Sai aka bar jihar duka mazaɓa guda mai wakili biyu. Kowane mai zaɓe aka ba shi ƙuri'a biyu, 'yan takara su jeru, biyun da suka fi su tafi Washington. Haka aka yi a 1912 da 1914, haka kuma a 1916. Ba wanda ya tsara wannan don mata, amma ta wannan ƙofa mace ta shiga.

Sunanta Jeannette Rankin. An haife ta a 1880 a wata gona kusa da Missoula, tun Montana ba ta zama jiha ba. Ita ce 'yar fari. Mahaifinta magini ne kuma mai kiwo, mahaifiyarta malamar makaranta. Ta gama jami'ar jihar a 1902, ta taɓa koyarwa, ta taɓa ɗinki, ba wanda ya zaunar da ita, sa'an nan ta shiga aikin kula da marasa galihu. Nan ta ga yadda a ke yin dokoki a kan mata da yara ba tare da an tambayi mace ko ɗaya ba. A 1911 ta tsaya gaban majalisar jihar a Helena ta yi jawabi a kan a ba mata ƙuri'a, ita ce mace ta farko da ta yi magana a wannan zaure. Shekara uku bayan haka aka kai maganar gaban masu zaɓe. Ku tuna fa, maza ne kaɗai za su jefa ƙuri'ar, watau mai riƙe da tuwo a ke roƙo ya raba. Ita da 'yan'uwanta mata suka bazu cikin jihar, jirgin ƙasa, mota, keken doki, suna magana a bakin titi da ƙofar shaguna. In ta sami yara sai ta ce su je gida su tambayi iyayensu maza don me a ke hana uwayensu zaɓe. Wadda duk ta san nacin yaro ta san wannan dabara ba ƙarama ba ce. A Nuwamban 1914 maza 41,302 suka ce i, 37,588 suka ce a'a. Da ƙyar aka sha, amma dai an sha.

Sai dai in faɗa muku wani abu, kada murna ta rufe mana ido. Wannan 'yanci bai kai ga dukan mata ba. Matan ƙabilun da su ne 'yan asalin ƙasar tun kafin zuwan Turawa, yawancinsu a lokacin ba a ɗauke su 'yan ƙasa ba ma, balle a ba su ƙuri'a. Sai a 1924 doka ta mai da su 'yan ƙasa gaba ɗaya.

To, da 1916 ta zo, Jeannette ta tsaya a jam'iyyar Rifablikan. Ƙanenta Wellington, wani lauya a Helena, shi ya ɗauki nauyin kuɗi da tsari. Ta ce in ta je za ta nemi ƙuri'a ga matan ƙasar duka, da dokokin kare lafiyar yara, da hana sayar da giya. Wannan na ƙarshe ya shiga zukatan mata ƙwarai, don da yawa daga cikinsu sun san inda albashin mai gida ya ke ƙarewa kafin ya iso gida. A wannan zaɓe ma mutanen jihar suka amince a hana giyar.

Yanzu ku duba yadda ƙuri'a biyun nan ta yi mata aiki. A ce ga wata mata a Butte, mijinta leburan haƙa ne, gidansu kaf 'yan Dimokurat ne tun kaka da kakanni. In ƙuri'a ɗaya gare ta, da wuya ta juya wa jam'iyyar gida baya. Amma tun da biyu ce, sai ta ba ɗan Dimokurat guda, ta sauke nauyin gida, ɗayar kuma ta miƙa wa matar nan da ta sha rana don ita ma ta sami shiga ɗakin zaɓe. Ba ta ci amanar kowa ba. Ga kuma wani abu: shekarun da Jeannette ta yi tana yawon neman ƙuri'ar mata sun sa an san ta a kowane lungu. A gunduma guda mutanenta ba za su isa su ci zaɓe ba, amma in aka tattara su daga ko'ina, kaɗan daga nan kaɗan daga can, sai su zama taro.

Ranar 7 ga Nuwamba aka yi zaɓe. Labarin farko da ya fito daga garuruwa cewa ya yi ta faɗi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Da ƙuri'un ƙauyuka masu nisa suka riƙa isowa cikin kwanaki, sai lissafi ya juya. John Evans na Dimokurat ya zo na ɗaya da ƙuri'a dubu 84 da 'yan kai, ita ta biyu da 76,932, ta ba na uku ratar fiye da dubu shida. Ɗan jam'iyyarta da suka tsaya tare kuwa ta fi shi da kusan dubu goma, a shekarar da jihar ta zaɓi Shugaba Wilson na Dimokurat da gagarumin rinjaye. Waɗannan dubu goma ba daga sama suka faɗo ba, daga gidajen da ba na Rifablikan ba suka fito. A ran nan kuma mata biyu, Emma Ingalls da Maggie Smith Hathaway, suka shiga majalisar jihar.

An rantsar da ita ranar 2 ga Afrilu, 1917, tana da shekara 36, mace ɗaya tilo cikin maza fiye da ɗari huɗu. Ko zama ba ta gama gyarawa ba aka kawo maganar shiga yaƙi da Jamus. Ranar 6 ga wata aka kaɗa ƙuri'a, 373 suka yarda, 50 suka ƙi, tana cikin masu ƙin. Maza 49 ne suka ƙi tare da ita, amma sunanta jaridu suka kama, wai ga shi nan, an ce mace ba ta iya ɗaukar babban al'amari. Har wasu shugabannin neman 'yancin mata suka ji haushinta, suna ganin ta ɓata musu shiri.

Wata biyu bayan haka, cikin Yuni, gobara ta tashi a wani ramin haƙa a Butte, mutum 168 suka halaka a ƙarƙashin ƙasa. Leburori suka yi yajin aiki. Jeannette ta goyi bayansu, ta zo garin da kanta, ta kuma soki kamfanin Anaconda, wanda a zamanin nan shi ke da wuƙa da nama a jihar, har yawancin manyan jaridunta a hannunsa su ke. Wanda ya taɓa wannan kamfani ya san ya tsokano tsuliyar dodo.

A cikin 1917 ɗin nan ne majalisar jihar ta kafa dangar. Aka raba Montana mazaɓa biyu, ta ɗaya a yamma, ta biyu a gabas, kowa ƙuri'a guda. Garinsu Missoula ya faɗa yamma, tare da Butte da dubban 'yan Dimokurat. Abin da ya ƙara dagula al'amari, shi ma John Evans mutumin Missoula ne. Wakilan jihar biyu suka wayi gari a ɗaki ɗaya, gado kuwa guda ne. Inda jam'iyyarta ke da ƙarfi yana gabas, gidanta yana yamma. Tsarin mulkin ƙasar bai hana mutum tsayawa a mazaɓar da ba ya zaune ba, muddin dai ɗan jihar ne, amma al'ada ta fi doka ƙarfi a nan, baƙo ba ya cin zaɓe da sauƙi. Matar nan ta Butte da muka yi misali da ita kuwa yanzu ƙuri'a ɗaya ta rage mata, sai ta zaɓa tsakanin gida da Jeannette. Magoya bayanta suka ce da gangan aka yi don a kore ta. Ko da gangan ko ba da gangan ba, abin ya yi aikin da mai gangan zai so ya yi.

Ana kiran irin wannan yanka da wani suna a Amurka, wanda ya samo asali tun 1812, lokacin da gwamnan jihar Massachusetts, Elbridge Gerry, ya sa hannu a wata taswirar zaɓe. Ɗaya daga cikin gundumomin ta lanƙwashe har wata jarida ta zana ta da kai da fuka-fuki da farata, kamar wani ƙadangare, aka haɗa sunan gwamnan da na dabbar. Ta Montana ba ta yi kama da ƙadangare ba, tsaga ce kawai daga arewa zuwa kudu, ko yaro zai ce ta yi daidai da duwatsu da fili. Wannan ne ma ya sa na ke ganin labarin ya fi koyarwa: ba sai layi ya karkace ya ke iya kayar da mutum ba.

Kafin wa'adinta ya ƙare ta yi abin da ta je yi. A Janairun 1918 ita ta buɗe muhawara a kan gyaran tsarin mulki da zai ba matan ƙasar duka ƙuri'a. Wakilai suka amince, 274 da 136, Dattawa suka kayar. Sai a 1920 abin ya tabbata, lokacin ba ta majalisa. Ita kaɗai ce mace a tarihin majalisar da ta jefa ƙuri'a don a ba mata ƙuri'a.

Da ta ga mazaɓar yamma gaba kura ce baya siyaki, sai ta nemi kujerar Dattawa, inda jihar duka ke zaɓe. Ta faɗi a zaɓen fid da gwani na jam'iyyarta, ta koma wata ƙaramar jam'iyya, ta zo ta uku. Evans ya riƙe yamma. Gabas kuwa ta zaɓi ɗan Rifablikan, wani manomi kuma mai jarida, Carl Riddick. Watau kowace jam'iyya ta sami rabonta daidai, mutum ɗaya ce ta tashi a tutar babu.

Ta sayi 'yar gona a jihar Jojiya, ta yi shekara ashirin tana aikin ƙungiyoyin neman zaman lafiya. A nan ya kamata in yi adalci, kada ku ce na ɗora wa danga laifin kome. A 1940, tana da shekara 60, ta koma gida ta tsaya a wannan mazaɓa ta yamma da ta gagare ta, ta kuwa ci. Yaƙi ya sake ɓarkewa a Turai, iyaye mata suna tsoron a kwashe musu 'ya'ya. Wakilin da ke kan kujerar, Jacob Thorkelson, ɗan jam'iyyarta ne, amma ya zubar da mutuncinsa da maganganun ƙin Yahudawa, ta kayar da shi a zaɓen fid da gwani. Ɗan takarar Dimokurat, Jerry O'Connell, shi kuma jam'iyyarsa ta rabu a kansa. Ta sake ɗauko tsohuwar dabararta, ta bi makarantun sakandare na mazaɓar kusan duka tana yi wa ɗalibai magana a kan yaƙi, ta ce su kai zancen gida. Danga tana nan inda aka kafa ta, mutanen da ke cikinta ne hankalinsu ya koma wani wuri.

Shekara guda bayan zaɓen, ranar 7 ga Disamba, 1941, Jafan ta kai hari Pearl Harbor. Kashegari aka nemi majalisa ta yarda da yaƙi. Wannan karo ba mutum 49 a bayanta. Ƙuri'a 388 suka ce i, ɗaya ta ce a'a. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta faɗa cewa ita mace ce, ba za a tura ta fagen fama ba, don haka ba ta tura ɗan kowa. Aka yi mata ihu daga inda 'yan kallo ke zama, da ta fito 'yan jarida suka yi mata caa, har ta shige wata 'yar rumfar tarho ta rufe, sai da 'yan sandan majalisa suka zo suka raka ta ofis. Ni dai a ganina ƙasar da aka kai wa hari irin wannan ba ta da wata hanya sai ta kare kanta, ba na jin ƙuri'arta ta yi daidai. Amma ta faɗa wa mutanenta abin da za ta yi tun kafin su zaɓe ta, ta kuwa yi shi a ranar da yin sa ya fi tsada. Wakilai nawa za a faɗi haka a kansu? Ba ta sake tsayawa ba. Kujerar ta koma hannun wani malamin jami'a na Missoula, Mike Mansfield, wanda daga baya ya shugabanci masu rinjaye a Majalisar Dattawa shekara 16.

Har tsufanta ba ta daina cewa a koma ga mazaɓa mai wakilai da yawa ba, tana ganin ta haka ne mata za su fi samun shiga. Ƙasar kuwa ta bi wata hanya dabam. A 1967 aka yi doka cewa duk jihar da ke da fiye da kujera ɗaya tilas ta yanka mazaɓu, kowace da wakili guda. Akwai dalili mai kyau a bayan dokar, don an ji tsoron wasu jihohin kudu za su yi amfani da zaɓen jiha duka su danne ƙuri'ar baƙar fata. Amma dai da wannan doka aka toshe ƙofar da Jeannette ta bi. A 1968, tana da shekara 87, ta jagoranci mata kimanin dubu biyar a Washington suna ƙin yaƙin Biyetnam. Ta rasu a 1973.

Dangar ta yi shekara fiye da saba'in, ana ɗan matsar da ita lokaci lokaci, sa'an nan aka tumɓuke ta. Ƙidayar 1990 ta sami mutum dubu 799 a Montana, wasu jihohi sun fi ta hayayyafa, aka ƙwace kujera guda. Jihar ta kai ƙara har Kotun Ƙoli, ta faɗi a 1992. A zaɓen shekarar wakilan biyu suka kara da juna, Pat Williams na yamma ya kayar da Ron Marlenee na gabas da 'yar rata. Wata za ta ce, to ai an koma gidan jiya, jiha duka mazaɓa guda. A'a. A 1916 kujera biyu ce da ƙuri'a biyu, yanzu kujera ɗaya, ƙuri'a ɗaya, na biyu ba shi da kome.

Mata sun gwada. Nancy Keenan a 2000, Monica Lindeen a 2006, Kim Gillan a 2012, Denise Juneau, 'yar asalin ƙabilun ƙasar, a 2016, Kathleen Williams a 2018 da 2020. Duka sun faɗi. Kada ku ce mutanen Montana ba su zaɓen mace, don a wannan zaɓe na 2000 da Keenan ta faɗi suka ɗora Judy Martz a kujerar gwamna. Ku dubi jam'iyya. Duk waɗannan mata da na lissafa Dimokurat ce ta tsai da su, kujerar kuwa tun zaɓen 1996 tana hannun Rifablikan, waɗanda ko sau ɗaya ba su miƙa wa mace tutar wannan kujera ba a waɗannan shekaru. An ba mata jakin da ba ya isa kasuwa, mai lafiyar yana ƙarƙashin maza.

Ƙidayar 2020 ta mai da wa Montana kujerarta ta biyu, sai maganar danga ta sake tasowa. Amma yanzu ba 'yan majalisar jiha ke kafa ta ba. Tsarin mulkin da jihar ta yi a 1972 ya ɗora aikin a kan wani kwamiti na mutum biyar. Shugabannin manyan jam'iyyun biyu a majalisa su naɗa biyu-biyu, huɗun nan su zaɓi na biyar ya shugabance su, in sun kasa shiryawa Kotun Ƙolin jihar ta naɗa. Kun ga ke nan in biyu suka ja nan, biyu suka ja can, na biyar ɗin shi ne alƙali. A 2021 mace ce a wannan kujera, Maylinn Smith, masaniyar shari'ar ƙabilun asali, kotu ce ta naɗa ta.

Kowace mazaɓa sai ta ɗauki mutum kamar dubu 542, amma mutanen yamma sun ƙaru har duwatsun ba su iya shiga mazaɓa guda gaba ɗaya. Tilas a yanki wani abu a ba gabas. Me za a yanka? 'Yan Dimokurat suna son Missoula da Butte da Bozeman da Helena su zauna tare a yamma, don a nan ƙuri'unsu su ke, ko da za a gutsuri yankin Flathead mai bin Rifablikan a tura shi gabas. 'Yan Rifablikan suka ce a bar Flathead da garinta Kalispell a yamma, a tura Helena. Aka yi watanni ana sauraron jama'a, kowane gari yana cewa kada a raba shi da maƙwabtansa. A Nuwamba shugabar ta jefa ƙuri'arta ga taswirar da ta bar Flathead a yamma. Helena, babban birnin jihar, wanda ke jikin duwatsu, ya tafi gabas ya tarar da Billings da Great Falls. Cikin yankuna bakwai da aka keɓe wa ƙabilun asali, biyu suka faɗa yamma, biyar gabas.

A zaɓen 2022 wata lauya daga Missoula, Monica Tranel, wadda ta taɓa tuƙa kwale-kwale wa Amurka a wasannin Olamfik sau biyu, ta tsaya a yamma. Ryan Zinke na Rifablikan ya kayar da ita da ratar da ba ta kai ƙuri'a dubu takwas ba. Tun daga ran nan a ke gardama a kan da Helena na ciki da yaya za ta kaya, ba kuwa wanda zai iya rantsuwa. Suka sake karawa a 2024, ratar ta ƙaru. A gabas kuwa rinjayen Rifablikan ya yi yawa har zaɓen Nuwamba ya zama cika al'ada, ainihin kokawar a zaɓen fid da gwani na watan Yuni a ke yinta. A 2022 matar da Dimokurat ta tsayar can, Penny Ronning, ta uku ta zo, bayan wani ɗan takara marar jam'iyya. A 2024 Elsie Arntzen, mai kula da ilmin jihar a lokacin, ta nemi tutar Rifablikan, Troy Downing ya ɗauke, ya kuma ci zaɓen.

Za a sake ƙidaya a 2030, wani sabon kwamiti ya sake zama da taswira, in har kujera ta biyun ta tsira. Ita kuwa Jeannette Rankin, jihar ta yi mata mutum-mutumi na tagulla guda biyu. Ɗaya an kai shi ginin majalisa a Washington a 1985. Ɗayan yana tsaye cikin ginin majalisar jihar a Helena, wanda tun daga zaɓen 2022 ya ke cikin mazaɓar gabas.